Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Yan Majalisar Dokoki Ta Tarayya: Dokar Mallakar Ƙirƙira Ta 1970 Ba Ta Isa Rumfar Maƙeri Ba

Masu girma sanatoci da 'yan Majalisar Wakilai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, da fatan Allah ya dafa muku a kan nauyin jama'a da kuka ɗauka.

Ni malamin koyar da aikin ƙarfe ne, kuma yawancin rayuwata a tsakanin masu walda da maƙera na yi ta, daga rumfunan Kano har Fanteka ta Kaduna. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani dattijo da na sani, Allah ya jiƙansa da rahama. Ya yi wa injin matsar man gyaɗa wani gyara da ya sa sandar da ke murɗa ƙullin ba ta saurin cinyewa, man kuma ba ya ƙonewa. Mata masu ƙuli-ƙuli daga nesa suke aikowa a yi musu. Amma duk ranar da baƙo ya shigo rumfarsa, buhu yake jawowa ya rufe aikin. Yadda yake gasa ƙarfen ya tsoma shi har ya yi wannan taurin, da dare yake yi bayan yaran shago sun watse. Na taɓa yi masa magana a kan haka, sai ya ba ni labarin injin sussukar masara da ya ƙera a shekarun baya: wani mai hali ya sayi guda ɗaya, ya sa aka kwance shi gunduwa-gunduwa, aka ƙera masa irinsa da yawa, ya zo ya karya farashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Tun daga ranar ya rantse ba wanda zai sake ganin cikin aikinsa. Da ya rasu, injinan da ya sayar suna nan suna aiki, amma har yau ba wanda ya iya maimaita sandar, ko a cikin 'ya'yansa.

Saboda irin wannan asara aka ƙirƙiro takardar da lauyoyi ke kira fatent, wadda zan kira takardar mallakar ƙirƙira. Ciniki ne tsakanin mai basira da hukuma. Shi zai rubuta sirrin abin da ya ƙirƙira dalla-dalla, da zane da awo, yadda duk wani gwanin wannan sana'a zai karanta ya iya yin irinsa. Ita kuma hukuma za ta tsaya masa na shekara 20 daga ranar da ya shigar da takardunsa: ba mai ƙera abin, ko ya shigo da shi daga waje, ko ya sayar, ko ya tara shi don sayarwa, sai da izininsa. In wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa. Birnin Benis na Italiya ya fara rubuta irin wannan doka a 1474 da wa'adin shekara 10, Ingila ta bi a 1624 da shekara 14, Amurka a 1790. Da dattijon nan ya sami wannan cinikin, da ya ci gajiyar basirarsa yana raye, kuma da yau ɗalibaina suna karanta yadda ya yi.

Na san abin da wasu daga cikin mutanenmu ke cewa, cewa ilimi na Allah ne, ba daidai ba ne mutum ya ce shi kaɗai ke da shi. Ina girmama wannan magana, kuma don ita ce ma nake goyon bayan takardar. Wanda ya rufe aikinsa da buhu shi ne ya ɓoye ilimi, kuma tsoro ne ya sa shi. Wanda ya karɓi takarda ya baje iliminsa a faifai ke nan, abin da ya riƙe kawai shi ne ribar kasuwancinsa na ɗan lokaci. Majalisar malaman fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira da tambarin ɗan kasuwa dukiya ce da shari'a ta kare, bai halatta a yi mata ta'adi ba.

Ranku ya daɗe, muna da doka a kan wannan. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa ta a 1970, doka mai lamba 60, ita ce kuma muke kai har yanzu. Ta gindaya sharaɗi uku: abin ya zama sabo, ya zama an yi aikin basira a cikinsa wanda ba kowane ma'aikacin fannin zai hango kai tsaye ba, kuma ya zama ana iya ƙera shi ko a yi aiki da shi a masana'anta ko a gona. Gyaran da aka yi wa abin da aka riga aka yi wa rajista shi ma yana shiga in ya cika sharuɗɗan. Ta cire irin shuka da irin dabba, ta cire abin da ya saɓa wa tarbiyya da zaman lafiyar jama'a, ta kuma ce gano wata ƙa'ida ta kimiyya ba ƙirƙira ba ce. A takarda duk wannan daidai ne. Amma ku shiga kowace rumfar walda ku tambaya, za ku tarar mutane suna ɗauka rajistar kamfani a CAC ko lambar NAFDAC ta wadatar. Rajistar kamfani suna take karewa. Lambar NAFDAC shaida ce cewa abin ci ko magani ba ya cutarwa. Tambarin kasuwanci alamar da ke jikin kaya yake tsarewa, haƙƙin mallaka kuma na marubuta ne da mawaƙa da 'yan fim, wanda kuka sabunta dokarsa a 2022. Babu ɗaya a cikinsu da zai hana wani ya kwance injinka ya kwafe shi.

Babban raunin dokar yana sashe na 4. Magatakardan da ke ma'aikatar masana'antu da ciniki da zuba jari a Abuja ba ya binciken ko abin da aka kawo masa sabo ne. Abin da doka ta ɗora masa shi ne ya duba ko takardu sun cika, ko an biya kuɗi, ko abu ɗaya ake nema wa kariya. In sun cika sai ya ba da takarda, kuma dokar da kanta ta ce an ba da ita ne bisa kasadar mai ita, ba tare da lamunin cewa tana da inganci ba. Akwai tarihi a bayan wannan. A zamanin Turawan mulkin mallaka, ƙarƙashin dokar 1925, sai mutum ya fara samo takardarsa a Ingila sannan ya kawo ta nan a shigar a littafi cikin shekara 3. Masu bincike suna Landan, namu rubutawa ne kawai. Da muka yanke wannan igiya a 1970 ba mu kafa namu masu binciken ba, sai muka ci gaba da rubutawa.

Ku dubi abin da wannan ke haifarwa a kasuwa. Amfanin takardar ga ɗan kasuwa shi ne ta zama kadara: ya sayar da ita, ko ya ba masana'anta lasisi tana ƙerawa tana biyansa wani kaso a kan kowane guda, ko ya shiga haɗin gwiwa da mai jari ya ce ga nawa hannun jarin, ko 'ya'yansa su gaje ta. Amma wane mai jari ne zai zuba miliyoyinsa a kan takardar da ba wanda ya tantance, wadda gobe wani zai iya zuwa kotu ya nuna cewa an yi irin abin a wata ƙasa tun shekara 30 da suka wuce, a soke ta? A ɗaya gefen kuma, mai wayo zai iya ɗauko abin da kowa ya daɗe da sani, ya yi masa rajista, ya riƙa tsoratar da ƙananan masu sana'a da wasiƙar lauya. Kafin a warware, sai an je Babbar Kotun Tarayya, domin ita kaɗai ke da hurumin wannan shari'a, kuma kun san abin da zaman kotu na shekaru ke ci wa mai rumfa ɗaya da yara huɗu. Roƙona na farko ke nan: ku ba ofishin nan ikon bincike na haƙiƙa, ku ware masa kuɗin ɗaukar injiniyoyi da masana haɗa magunguna da masana aikin gona. Jami'o'inmu suna yaye su kowace shekara, da yawansu kuma suna zaune ba aiki.

Akwai tarko biyu a dokar da ke kama mutanenmu saboda ba wanda ya gaya musu. Sashe na 2 ya ce haƙƙin na wanda ya riga shigar da takarda ne, ko shi ne ya ƙirƙira ko ba shi ba ne. Gaskiya ne dokar ta ce in an ɗauko ginshiƙin abin daga aikin wani ba da yardarsa ba, haƙƙin ya koma wa mai shi, amma sai ya kawo hujja, kuma maƙerinmu ba ya ajiye zane mai kwanan wata. Na biyun ya fi yi mini ciwo, domin matasa yake ci. Yaro ya haɗa abin mamaki, murna ta ɗebe shi, ya ɗauki bidiyo ya nuna ciki da waje ya ɗora a Facebook ko TikTok, jama'a su yi ta sa albarka. Bai san cewa a idon doka ya riga ya bayyana abin ga duniya ba, ya daina zama sabo, ƙofar takarda ta rufe. Sassaucin da dokar ta yi ɗaya ne tak: wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi, yana da wata 6 ya shigar da takarda. Amurka tana ba mai ƙirƙira shekara guda bayan ya bayyana abinsa da kansa. Me zai hana mu yi wa 'ya'yanmu irin wannan rangwame, tunda mun san a waya suke fara nuna basirarsu?

Sannan galibin abin da maƙeranmu ke yi ba sabuwar na'ura ba ce daga tushe. Gyara ne: an sauya bakin garma don ta dace da ƙasar jigawa, an rage wa injin casar shinkafa karya ƙwaya, an yi murhun da ba ya cin gawayi. Ƙasashe da yawa sun yi wa irin wannan ƙaramar takarda mai sauƙin sharaɗi da sauƙin kuɗi da gajeren wa'adi. Jamus ta fara tun 1891, Japan a 1905 lokacin da masana'antunta ke rarrafe, Sin kuma tana ba da ta shekara 10. Gana ta sa ta a dokarta ta 2003. Mu ba mu da ita sam. In da abu ɗaya za ku iya yi a wannan zango, to wannan ne zai fi taɓa mutanen da nake magana a kansu.

Ko maƙwabtanmu sun sha gabanmu ta wani fannin. Nijar da Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, ƙasashe 17 da suka haɗa ofishi ɗaya bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Maƙerin Maraɗi in ya shigar da takarda sau ɗaya, ta kare shi har Dakar, kuma akwai ƙaramar takardar a tsarinsu. Ɗan'uwansa na Katsina, wanda mota ke kai shi Maraɗi kafin azahar, takardarsa a Jibiya take tsayawa, domin kowace takarda iyakarta iyakar ƙasar da ta ba da ita. Gana da Sudan suna cikin ɗaya ƙungiyar, ARIPO, da ke Harare. Najeriya ba cikakkiyar mamba ba ce a ko ɗaya. Mun shiga yarjejeniyar Faris ta kare ƙirƙira tsakanin ƙasashe a 1963, mun shiga ta neman kariya a ƙasashe da yawa da takarda ɗaya a 2005, amma kuɗin bin wannan hanya ya fi ƙarfin mai ƙaramar sana'a, alhali kasuwarsa ta gaske ita ce Damagaram da Garwa da Njamena.

Ba na so a ce na rufe ido ga abin da aka yi. Hukumar NOTAP mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa masu bincike su shigar da takardunsu, ta kuma buɗe ofisoshi a jami'o'i da kwalejojin fasaha da cibiyoyin bincike. Aiki ne mai kyau. Sai dai mai digiri yake samu, wanda ya iya Turancin rubuta bayanin ƙirƙira. Mai walda da ya yi allo ya tsaya a firamare ba zai shiga jami'a neman ofis ba, balle ya kama hanyar Abuja. Ku sa a cikin doka cewa a buɗe teburin karɓar takardu a kowace jiha, da ma'aikacin da zai zauna da mutum ya saurare shi da Hausa ko Yarabanci ko Ibo ko Kanuri, ya mayar masa da bayaninsa rubutu da zane, bisa rantsuwar riƙe sirri. A yi bayanin wannan a rediyo, a bi ta ƙungiyoyin masu sana'a da sarakunan maƙera, waɗanda har yau maganarsu tana da nauyi.

Akwai labarin da ya kamata kowane ɗan majalisa ya sani, domin ya nuna amfanin takardar da kuma iyakarta. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, a ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi na rage wa masu sikila tashin ciwo daga hannun wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale. Cikin haɗin akwai masoro da kanumfari da karan dafi, abubuwan da ke kasuwar kowane gari a Arewa. Aka yi yarjejeniya da shi, aka yi gwaji, aka sa wa maganin suna Niprisan, a 1998 ofishin Amurka ya ba da takardar mallaka, da sunan mai maganin a cikin waɗanda suka ƙirƙira. Wannan takarda ce ta sa kamfanin Xechem na Amurka ya karɓi lasisi a 2002, aka ƙaddamar da maganin a 2006 da sunan Nicosan. A 2008 kamfanin ya durƙushe, magani ya yanke a kasuwa, iyaye suka yi ta nema, a ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara. Sai bayan shekaru aka miƙa aikin ga wani kamfani na cikin gida. Takarda ta jawo mai jari, amma da aka rataya komai a wuyan kamfani ɗaya, faɗuwarsa ta zama faɗuwar marasa lafiya. Dokar da za ku gyara ta tanadi cewa duk abin da aka gano da kuɗin gwamnati, in wanda aka ba lasisi ya kasa, a karɓe a ba wani ba tare da jan lokaci ba.

Mai maganin nan ya yi sa'a an rubuta sunansa. Sau da yawa ba a yi. A 1994 ofishin Turai ya ba wani kamfanin Amurka tare da ma'aikatar gonar ƙasar takarda a kan amfani da man darbejiya wajen kashe cutar fumfuna a shuka, abin da manoman Indiya suka gada kaka da kakanni. Sai da aka yi shari'a aka soke ta a 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Haka aka yi da gangamau: an ba da takarda a Amurka a 1995 a kan warkar da rauni da shi, Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce, aka soke a 1997. Abin da ya cece su shi ne rubutu. Daga nan suka kafa rumbun adana ilimin gargajiyarsu a kwamfuta a 2001, suka buɗe wa masu binciken ofisoshin duniya, don duk wanda ya zo da abin kakanninsu a ce masa an riga an sani. Ko a kusa da mu, wani kamfanin iri na Senegal ya taɓa neman mallakar irin albasa da sunan albasar Galmi, sai da Nijar ta tashi tsaye, daga baya kuma ta yi wa sunan albasar da na kilishinta rajista. Mu fa? Abin da masu magani da ungozomai da marina da majema suka sani game da sabara da marke da bagaruwa da baba yana cikin kawunan tsofaffi da tsofaffin takardun ajami da gara ke ci. A watan Mayu na 2024 ƙasashen duniya sun amince a Janeba da yarjejeniyar da ta wajabta wa mai neman takarda ya faɗi ƙasar da ya samo tsiro da al'ummar da ya samo ilimin. Ku shigar da wannan sharaɗi cikin dokarmu, ku kuma ba da kuɗin tattara ilimin da yardar masu shi, da sunayen garuruwansu.

Kada kuma a gyara dokar ta yadda za ta zama sarƙa a wuyan mara lafiya. Mun ga abin da ya faru da maganin ƙanjamau: a 2000 kuɗin shan shekara guda ya haura dala 10,000, sai a watan Fabrairu na 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar a dala 350. A shekarar ne kamfanonin magani 39 suka janye ƙarar da suka kai gwamnatin Afirka ta Kudu a kan dokarta ta sauƙaƙa farashin magani, a watan Nuwamba kuma taron Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a Doha ya tabbatar cewa kowace ƙasa tana da ikon ba da lasisin dole don kare lafiyar jama'arta. Dokarmu tana da wannan ƙofa: bayan shekara 4 da shigar da takarda ko 3 da ba da ita, in mai ita ba ya sarrafa abin a ƙasar nan ko ba ya wadatar da kasuwa, kotu na iya ba wani izini. Ku bar ƙofar a buɗe, ku ƙara sauƙaƙa ta. Abin lura, ita ma Indiya a 1970 ta yi dokarta, shekara ɗaya da tamu. Ta tsara ta ne da gangan don masana'antun magungunanta su tashi, ta kuma gyara ta a 1999 da 2002 da 2005 bisa yadda zamani ya juya. Tamu ta haura shekara 50 ginshiƙanta suna yadda aka kafa su.

Ƙudurorin gyara wannan doka da kafa hukuma mai cin gashin kanta sun sha zuwa gabanku a majalisu daban-daban, wa'adi ya ƙare ba su kai ga zama doka ba. Ina roƙonku, musamman wakilanmu na Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato da Barno, ku ɗauko maganar ku tsaya a kanta. In kun zo jin ra'ayin jama'a, kada a tsaya a zauren Abuja da lauyoyi da wakilan manyan kamfanoni kaɗai. Ku kawo zama ɗaya Fanteka, ɗaya Ƙofar Ruwa, ku aika wa shugabannin masu walda da maƙera takardar gayyata da Hausa. Zan zo da ɗalibaina, akwai biyu a cikinsu da suka haɗa na'urar busar da tumatir mai aiki da hasken rana, na hana su ɗora ta a waya har sai mun san inda za mu kai ta.

Allah ya yi muku jagora.

Naku,
Malamin koyar da aikin ƙarfe, Kano